Gida mai juyawa a sararin samaniya: zai yiwu, kuma me ya hana a gina shi?

Tambaya: Malam, ina ganin bidiyon 'yan sama jannati suna shawagi cikin tasharsu, kuma an ce rashin nauyin nan yana cinye musu ƙashi. Na kuma ji cewa idan aka gina tasha mai juyawa kamar taya, mutum zai taka ƙasa a cikinta, ya zuba ruwa a kofi ya zauna. Da gaske ne? In da gaske ne, me ya hana a gina ta har yau?

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. Babu wani sabon ilimi da ake jira a gano kafin a yi ta. Lissafin da take buƙata, ɗalibin babbar sakandare da ya riƙe darasin fiziks zai iya yin sa a bayan littafinsa, kuma ƙarfen da za a gina ta da shi yana kasuwa. A ganina abin da ya tsayar da aikin shi ne an shafe shekaru ana zana manyan birane masu ɗaukar dubban mutane, amma ƙaramar tashar gwaji guda ɗaya, wadda za ta gaya mana ko nawa ne nauyin da jikin ɗan'adam yake buƙata, har yanzu ba a harba ta ba.

Da yawa suna zaton 'yan sama jannati suna shawagi ne saboda sun wuce inda ƙarfin jan duniya yake kaiwa. Ko kusa. Tashar ƙasa da ƙasa, wato ISS, kimanin kilomita 400 ce kawai daga doron ƙasa, kuma a wannan tsayin jan duniya yana nan kusan kashi 90 cikin ɗari na yadda muke jin sa. Faɗowa tashar take yi dare da rana, sai dai tana tsala gudun kilomita 28,000 a sa'a ta gefe, ta yadda duk faɗowar da ta yi, ƙwallon duniya ya riga ya lanƙwashe a ƙarƙashinta, sai ta yi ta kewayawa, zagaye ɗaya cikin minti 90. Mutum da ɗakin da yake ciki tare suke faɗowa, saboda haka babu daɓen da ke tokare masa ƙafa. Wannan tokarewar kuwa ita ce jiki yake ji a matsayin nauyi. In ka samo hanyar da daɓe zai riƙa tura tafin ƙafar mutum ba fasawa, ƙashinsa da jininsa ba za su tambaye ka daga ina turin ya fito ba.

Injin roka yana iya yin wannan turin, amma man da ake iya ɗauka na 'yan mintuna ne. Sauran hanya ita ce a juya ɗakin. Ka cika guga da ruwa, ka riƙe igiyarsa ka wulwula shi a tsaye har ya riƙa bi ta saman kanka. Ruwan ba ya zuba, yana manne da gindin gugan ko da bakinsa na kallon ƙasa, domin so yake ya miƙe ya tafi sambal, gindin gugan kuma yana tare shi yana karkato shi cikin da'ira. A tasha mai juyawa mutum shi ne ruwan, bangon waje shi ne daɓensa, kansa kuma na fuskantar cibiya. Da yake babu iskar kirki a can da za ta rage juyin, in tashar ta ɗauka ta ɗauka ke nan, ba ta shan mai sai na 'yan gyare-gyare.

Batun ya wuce na jin daɗi saboda abin da likitoci suka gani tun zamanin tashoshin Salyut da Skylab da Mir. Ƙashin kwatangwalo da na gadon baya suna rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ma'adininsu a kowane wata, sinadarin kalsiyam ɗin da ya fita yana bi ta fitsari, yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Tsokar ƙafa na motsewa. Ruwan jiki da ya saba taruwa a ƙafafu yana haurowa kai, fuska ta kumbura, a wasu ma bayan ƙwayar ido ya baje, jijiyar gani ta kumbura, har wanda ya tafi da idonsa garau ya dawo yana neman tabarau. A ISS kowa yana motsa jiki kimanin sa'a biyu kullum, ko dai ɗaure a kan injin gudu ko yana tura na'urar da ke kwaikwayon ɗaga ƙarfe, kuma hakan ya taimaka wa ƙashi da tsoka ƙwarai. Matsalar ido kam motsa jiki bai kawar da ita ba. Valeri Polyakov, likitan nan ɗan Rasha, ya yi kwana 437 a Mir tsakanin 1994 da 1995, kuma har yau babu wanda ya wuce shi a zama ɗaya. Zuwa duniyar Mars da dawowa kuwa zai ci shekara biyu da rabi zuwa uku.

Nauyin da juyi ke bayarwa abu biyu ne ke yanke shi: nisan daɓe daga cibiya, da saurin juyin. In ka ninka nisan sau biyu, nauyi ya ninku sau biyu. In saurin ka ninka sau biyu, nauyi ya ninku sau huɗu. Idan cikakken nauyin doron ƙasa ake so, tashar da ke zagaye ɗaya a minti tana buƙatar mita 894 daga cibiya zuwa daɓe, wato faɗinta ya doshi kilomita 1.8. Mai zagaye biyu, mita 224. Mai huɗu, mita 56. Mai shida, mita 25. Mai goma, mita 9 kacal. Ka tuna ISS, wadda ita ce abu mafi girma da ɗan'adam ya taɓa haɗawa a sama, mita 109 ce daga wannan gefe zuwa wancan, nauyinta ya haura tan 400, kuma sai da aka yi fiye da shekara goma ana kai ta gunduwa-gunduwa tun daga 1998. Saboda haka injiniya mai duba aljihu zai ce a yi ƙarama a juya ta da sauri. Likita ne zai taka masa birki.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ta ina kai ya juya. In kana zaune shiru a ɗaki mai juyawa, bayan 'yan daƙiƙu ruwan ya lafa, ba ka jin komai. Da zarar ka waiwaya ko ka sunkuya, bututun da ke kan layin juyin ya fita daga layi, wani ya shiga, sai kunne ya aika saƙon cewa kana wuntsilawa alhali ido na ganin kana zaune. Wannan saɓanin ke kawo hajijiya da zufa mai sanyi da amai. Ashton Graybiel da abokan aikinsa sun yi shekaru suna gwada wannan a cibiyar likitancin sojan ruwan Amurka da ke Pensacola, a shekarun 1960, cikin wani ɗaki mara taga da ke juyawa, mutane na kwana da tashi a ciki. A zagaye ɗaya a minti kusan kowa lafiya lau. A uku ana ɗan jin jiki amma ana aiki. A goma, ko ƙwararrun matuƙa jirgi sun sha wuya, kuma bayan kwana goma sha biyu ba su gama sabawa ba. Daga irin wannan sakamakon aka tsayar da ƙa'idar kada a wuce zagaye ɗaya ko biyu, wadda ta sa zanen tashoshi suka riƙa fitowa ƙatti-ƙatti.

Ni dai ina ganin an tsaurara ƙa'idar fiye da kima. James Lackner da Paul DiZio na Jami'ar Brandeis sun nuna cewa hannu yana saurin gyara motsinsa a ɗaki mai zagaye goma in mutum ya maimaita motsin 'yan lokuta. A Jami'ar Colorado da ke Boulder kuma, a gwajin da aka bayyana a 2019, an riƙa ƙara wa mutane sauri kaɗan-kaɗan, ba a ƙarawa sai sun daina jin wuntsilawar, bayan zama goma matsakaicinsu ya kai kimanin zagaye 17 a minti. Sai dai waɗannan lafiyayyun manya ne da suka yi 'yan mintuna suka sauka suka tafi gida. Ga ma'aikatan da aka horar, zagaye huɗu zuwa shida abu ne da zan amince da shi. Wurin da za a ce mai ciki da jariri da tsoho za su zauna kuwa, zan tsaya a biyu har sai an gwada.

Akwai kuma tasirin Coriolis, wanda ke karkatar da duk abin da ya motsa a cikin tashar. Ka tsaya a mai mita 56 ɗin nan, ka ɗaga mabuɗi daidai kafaɗarka, mita ɗaya da rabi daga daɓe, ka sake shi. Ba zai faɗi a ƙarƙashin hannunka ba. Zai sauka kimanin santimita 24 ta baya, wato saɓanin inda tashar ke juyawa, domin hannunka ya fi ƙafarka kusa da cibiya, gudunsa bai kai na daɓen ba, sai daɓen ya wuce ya bar mabuɗin. A mai mita 224 kaucewar santimita 12 ce, a ƙaramar nan mai mita 9 ta kai santimita 70, kuma a cikinta kan mutumin da ke tsaye ya fi ƙafarsa sauƙi da kashi 20 cikin ɗari. Tafiya ma haka take. Daɓen mai mita 56 yana gudun mita 23 a daƙiƙa. In ka yi sassarfa ta mita 3 a daƙiƙa kana bin juyin, ka ƙara a kan gudunsa, in ka juyo ka rage. Mai kilo 70 zai ji kansa kamar kilo 89 a zuwa, 53 a dawowa. Ma'aikatan Skylab a 1973 sun nuna ɗan wannan da kansu: tashar ba ta juyawa, amma sun riƙa gudu a kan jerin akwatunan da suka kewaye bangonta mai faɗin mita 6 da rabi, gudun nasu kaɗai ya manna ƙafarsu da bango.

Tunanin ba na yau ba ne. Konstantin Tsiolkovsky, malamin makaranta a garin Kaluga na Rasha, ya rubuta shi tun kafin a harba ko roka ɗaya zuwa sararin samaniya. Herman Potočnik, injiniyan soja ɗan asalin Sloveniya, ya zana taya mai faɗin mita 30 a ƙarshen shekarun 1920. Wernher von Braun, injiniyan roka, ya fitar da tasa a mujallar Collier's a 1952, mai faɗin mita 76 da za ta ɗauki mutum 80 a sulusin nauyin duniya. A 1974 Gerard O'Neill, malamin fiziks a Jami'ar Princeton, ya kawo shawarar ganguna biyu-biyu, mafi girmansu tsawon kilomita 32, gonaki da unguwanni a jikin bangon ciki. Wanda aka fi yi wa lissafi tsaf shi ne zoben Stanford, da NASA da Jami'ar Stanford suka tsara a 1975: faɗin kilomita 1.8, zagaye ɗaya a minti, mutum 10,000.

Ƙarfin ƙarfe ba shi ne damuwar ba. Zobe mai juyawa yana ɗaukar nauyinsa ne da ja, kuma a gudun daɓe na mita 47 a daƙiƙa a mai zagaye biyu, ko ma 94 a mai zagaye ɗaya, abin da ƙarfe ko alminiyam zai ɗauka saboda juyin kansa bai kusa da iyakar ƙarfinsa ba. Iskar shaƙa da ke ciki, in irin ta doron ƙasa ce, tana tura bango da tan 10 a kowane murabba'in mita, wannan kuwa sanannen aiki ne ga masu ƙera tankunan gas. Inda gizo ke saƙa shi ne mahaɗa. Kumbon da ya kawo kaya ba zai iya kama bakin da ke gudun kusan kilomita 170 a sa'a ba, dole ta cibiya zai shiga, ko dai ya daidaita juyinsa da na tashar ko a yi mata cibiya tsayayya. Faifan sola na son kallon rana, eriya na son kallon duniya, faifan fitar da zafi na son kaucewa rana. In ka raba tashar gida biyu, mai juyawa da tsayayye, ka ɗora wa kanka boris mai faɗin mitoci, da abin toshe iska da zai yi ta gogayya shekara da shekaru ba tare da ta tsiyaye ba, ga wuta da ruwa da saƙonni duk sai sun ratsa ta cikinsa.

An ga samfurin wannan wahalar a ISS a 2007. Mahaɗar da ke juya fukafukan sola na ɓangaren dama, zobe ne mai faɗin mita 3 da ke zagaye ɗaya kacal a minti 90, sai ta fara girgiza tana jan wuta fiye da ƙa'ida. Da ɗan sama jannati Daniel Tani ya fita waje ya buɗe murfin, sai ya tarar da garin ƙarfe ya baɗe wurin, saman zoben ya cinye. Sai a Nuwamban 2008 aka goge shi, aka canza borisan, aka shafa giris. Wannan mahaɗa ce da ba ta riƙe iska, ba ta ɗauke da ɗakin kwanan kowa. Shi ya sa nake tare da masu cewa a juya tashar gaba ɗayanta, a bar kumbon baƙi ya koyi shiga ta cibiya.

Siffa ma tana da hukuncinta, kuma Amurka ta koye shi a tauraron ɗan'adam ɗinta na farko. Explorer 1, da aka harba a Janairun 1958, doguwa ce siririya, an tsara ta juya a kan tsawonta. Ba a jima ba ta koma tana wuntsilawa kai da gindi, saboda 'yan eriyoyinta huɗu masu lanƙwasa sun riƙa cinye ƙarfin juyin kaɗan-kaɗan. Duk abin da ke juyawa shi kaɗai a sama, in akwai mai lanƙwasa ko ruwa mai kaɗawa a jikinsa, a hankali zai koma juyawa ta yadda nauyinsa ya fi bazuwa nesa da cibiya. Doguwar ganga cike da mutane da tankunan ruwa ƙarshenta ke nan in ba a riƙa tsare ta ba. Taya da gajeriyar ganga mai faɗi kuwa tun farko a kan hanyar da suke so suke juyawa. Ko su ma sai an riƙa tura ruwa daga tanki zuwa tanki duk lokacin da jama'a ko kaya suka taru a gefe ɗaya, don kada cibiya ta goce.

Babban dutsen da ya tare hanyar manyan biranen ba shi da alaƙa da juyi ko kaɗan. Radiyeshan ne, wato ƙwayoyin zarra masu gudun tsiya da ke zuwa daga rana da kuma can nesa cikin taurari, suna ratsa jiki suna ɓata ƙwayoyin halitta. A nan ƙasa iskar da ke saman kanmu da maganaɗisun duniya suke tare mana su, matsakaicin mutum yana samun milisibat 2.4 a shekara, milisibat kuwa shi ne ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha. Na'urar da ke jikin motar Curiosity ta auna kimanin 1.8 a kowace rana a hanyarta ta zuwa Mars. Abin da muke sha a shekara, a can na kwana ɗaya da 'yan sa'o'i ne. Masu zoben Stanford, da yake sun ajiye shi can nesa a wurin da ake kira L5, a kan hanyar da wata ke bi, sun lissafa garkuwar tan 4.5 a kowane murabba'in mita. Jimillar nauyin ta fito tan miliyan 10, kusan dukkansa garkuwa, har sai da suka tsara ta tsaya daban, zoben yana juyawa a cikinta. In roka mai ɗaukar tan 100 za ta kai wannan, sai ta tashi sau 100,000. A riƙa harba ɗaya kullum, shekara 270 da ɗoriya. Su ma sun san haka, shi ya sa suka ce a haƙo ƙasar wata a riƙa cillo ta da majajjawar lantarki. Ma'ana sai an kafa wurin haƙa da masana'antu a duniyar wata kafin a aza tubalin farko.

Al Globus, wanda ya daɗe yana aiki a cibiyar Ames ta NASA, da abokan aikinsa sun kawo shawarar da na fi gamsuwa da ita. Suka ce a ajiye tashar kimanin kilomita 500 daidai saman layin ikwaita. A nan tana ƙarƙashin ɗamarar Van Allen, wato zoben radiyeshan da maganaɗisun duniya ya tara a kewayenta, kuma ba ta ratsa yankin kudancin tekun Atlantika inda ɗamarar ta sauko ƙasa-ƙasa, wurin da ISS ke kwasar kaso mai tsoka na radiyeshan ɗinta. Lissafinsu na kwamfuta ya nuna garkuwa kaɗan ta isa, ko ma bangon tashar da kayan cikinta kawai. In aka haɗa da zagaye huɗu a minti, faɗin ya sauko mita 112, nauyi ya koma dubban tan maimakon miliyoyi. Kuɗin kai kaya sama ma ya faɗi: ƙiyasin da aka yi a NASA ya sa kilo ɗaya a kan dala dubu 54 a zamanin kumbon shatil, ƙasa da dubu 3 kuma a rokar Falcon 9.

To ƙaramar fa, me ya hana? ISS an gina ta ne musamman don binciken rashin nauyi, juya ta kashe manufarta ne. Zaman wata shida kuma injin motsa jiki yana riƙe shi, don haka babu shugaban hukumar da ya taɓa jin wuta a ƙafarsa. Duk da haka an kusa. Japan ta ƙera wa ISS ɗaki na musamman mai injin juyi na faɗin mita 2.5, domin dabbobi da tsirrai a matakan nauyi daban-daban. NASA ta soke shi a 2005, saboda kuɗi da ƙarancin tafiye-tafiyen shatil bayan hatsarin Columbia na 2003, gangar jikinsa tana nan ajiye a filin cibiyar Tsukuba masu yawon buɗe ido na kallo. Wannan sokewar tana ba ni takaici har yau, domin amsoshin da muke nema yanzu da an daɗe da fara tara su.

Bayanan da likitoci suke da su na matakai biyu ne kawai: cikakken nauyi, da sifili. A tsakani akwai mutum 12 da suka taka wata, kuma waɗanda suka fi daɗewa, na Apollo 17 a 1972, kwana uku suka yi. Nauyin wata sudusin na duniya ne, na Mars kashi 38 cikin ɗari. Ko ɗayansu ya isa ya riƙe ƙashi da ido, ba a taɓa gwadawa a kan mutum ba, alhali girman tashar gaba ɗaya a kan wannan amsar ya rataya. A zagaye huɗu, cikakken nauyi na son mita 56, na Mars mita 21, na wata mita 9. A kan dabbobi an ɗan taɓa. Tarayyar Sobiyet ta juya ɓeraye a tauraron Kosmos 936 a 1977. A 2016 Japan ta ajiye ɓeraye 12 a ɗakin Kibo na ISS tsawon kwana 35, shida suna shawagi, shida a ƙaramin injin juyi mai ba da cikakken nauyi, kuma na cikin injin sun dawo da ƙashinsu da tsokarsu kamar na 'yan'uwansu na ƙasa. Wannan hujja ce mai kyau cewa juyi yana maye gurbin jan duniya. A birnin Kolon na Jamus kuma, a 2019, an kwantar da mutane kwana 60 kansu na ƙasa-ƙasa, ana juya wasunsu rabin sa'a kullum a gajeren injin juyi, amma rabin sa'ar bai hana kumburin jijiyar ido ba. Ga alama jiki ba ya karɓar nauyi a matsayin ƙwayar magani ta sau ɗaya a rana, ko kuwa adadin ne ya yi kaɗan.

Hanya mafi araha ba ta buƙatar taya ko kaɗan, igiya take buƙata. An ma taɓa gwada ta. A Satumban 1966, Pete Conrad da Richard Gordon suka ɗaura kumbonsu Gemini 11 da rokar Agena da igiya mai tsawon mita 30, suka kunna ƙananan injuna har biyun suka fara kewaya juna, zagaye ɗaya cikin kimanin minti shida. Nauyin da aka samu bai kai kashi ɗaya cikin dubu shida na na duniya ba, ba su ji shi a jiki ba, amma da suka saki kyamara sai ta tafi a hankali a miƙe zuwa bayan ɗakin, daidai layin igiyar. Yanzu ka ɗauki ɗaki mai tan 20 a wannan kai, rokar da ta kawo shi wadda manta ya ƙare a wancan kai, igiyar mita 450 a tsakani, zagaye biyu a minti. In nauyinsu ɗaya ne, an samu cikakken nauyin duniya. Jan da ke kan igiyar tan 20 ne, wanda igiyar Dyneema, wani zaren roba mai ƙarfin gaske, mai kaurin santimita 2 za ta ɗauka da rarar ƙarfi, ita kanta ba ta kai kilo 200 ba. Gudun da za a ba kowane kai mita 47 ne a daƙiƙa, ga tashar da dama take gudun kusan mita 7,700. Robert Zubrin da David Baker irin wannan suka sa a tsarinsu na zuwa Mars a 1990.

Haɗarinta tsinkewa ne, kuma ya faru. Siririyar igiyar gwajin SEDS-2 mai kilomita 20 ta tsinke cikin kwana huɗu a 1994, ana kyautata zaton wata 'yar tsakuwar sama ko tarkace ce ta yanke ta. A 1996 kuma tartsatsin lantarki ya ƙone igiyar da ke riƙe da tauraron Italiya daga kumbon Columbia bayan an warware kilomita 19.7. Maganin shi ne igiyoyi da yawa a ware, an saƙa su da juna ta yadda in ɗaya ta tafi saura su ɗauka, a rufe su daga hasken rana da iskar oksijin mai cin zare, ko kuma a yi amfani da siririn dogon firam na ƙarfe maimakon igiya. Tsayin falakin ma sai an zaɓa da lura. In ta tsinke a mummunan lokaci, mita 47 ɗin nan za su iya sauke wani gefen zagayen ɗakin da kimanin kilomita 165, don haka kilomita 500 ko 600 ya fi 400 kwanciyar hankali.

Da ni za a tambaya me za a fara ginawa, zan ce ɗakuna biyu da ba su yi nauyi ɗaya ba, a kan firam mai tsawon mita 122, ɗan fin tsawon ISS kaɗan, yana zagaye biyu a minti. Mai nauyin ya zauna mita 37 daga cibiya, can nauyin wata ne. Mara nauyin mita 85, can nauyin Mars ne. A fara da ɓeraye, waɗanda cikinsu mako uku ne, cikin shekara guda a ga haihuwa bayan haihuwa. Sannan mutane su yi wata shida-shida ana auna musu ƙashi da ido da jini. Kamfanin Vast na Amurka ya bayyana cewa tasha mai juyawa ce burinsa na dogon zango, kuma ina fatan ko su ko wasu su fara da irin wannan. Idan aka tarar nauyin Mars ya riƙe jiki, duk tashoshin da za a gina nan gaba sun ragu zuwa ƙasa da rabi a girma. Idan kuma aka tarar bai riƙe ba, masu maganar kafa gari a Mars suna da babban aiki a gabansu, domin jan Mars ba a iya ƙara shi, na tasha mai juyawa kuwa ana ƙara shi da ƙarin mitoci a jikin firam.